Hanci Uku a Rufin Ɗakin Ɗinki

Yaya,

Yau shekara shida da wata huɗu rabona da gida. Sai da na ƙirga kafin in ɗauki biro, don kada ki ce ban san lissafi ba. Ina gaishe ki, ina gaida yara, ina gaida Auta da matarsa. Na ji ƙafarki ta yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa. Ni lafiyata lau in ban da wuya. Wanda ya shekara shida a kan tsani yana kallon silin, wuyansa ya daina zama nasa.

Direba ya kawo min takardarki ranar Talata. Sai da na juya ta gaba da baya don in tabbata ni aka rubuto wa. Ita ce ta uku da na samu daga gida tun tafiyata. Ta farko rasuwar Inna, ta biyu auren Auta bayan an riga an ɗaura, sai wannan. Ban faɗa don in ɓata miki rai ba. Na faɗa ne don ya fita daga bakina, in samu in yi miki aikin da zuciya ɗaya.

Ga abin da na fahimta, in na kuskure ki gyara min. An matsa wa mai ginin da kuke ɗinki a samansa ya sa ƙararrawar gobara. Ke kika roƙa aka ba Auta aikin, kuma shi ne babban aikinsa na farko da sunan kansa. Ya sa na'urar jin hayaƙi guda uku, wadda matanki suke kira hanci: biyu a ɗakin ɗinki, ɗaya a sito. Yanzu ana so ke, da yake ke ce shugabar mata ashirin da huɗun da ke wuni a ƙarƙashin rufin, ki sa hannu a takardar karɓar aiki kafin jami'in kashe gobara ya zo dubawa. Kin ce zuciyarki ta ƙi kwanciya, kuma ba ki san dalili ba.

Ni ma daga nan ban san dalili ba. Uku na iya isa, uku na iya zama wasan yara. Zanen da kika kwafo min ƙasa kawai ya nuna, shi kuwa hayaƙi ba ruwansa da ƙasa. Sama yake tashi, ya bazu a jikin rufi yadda ruwa ke bazuwa a siminti, duk inda ya samu abin da ya tare shi nan zai tsaya ya taru. Don haka rufin nake so in gani, kuma idonki kaɗai nake da shi.

Ki samu tsani, wata ta riƙe miki. Ki auna min daga ƙasa zuwa rufi. In akwai bim, wato gadar kankaren nan da ke ratsa rufi, ki ƙirga su, ki auna yadda kowanne ya sauko. A sito ki auna tsakanin kayan da ke can saman kanta da silin. Ki gaya min matakala nawa ke sauka ƙasa, da ko akwai wani ɗaki da ba ki ambata ba, da inda fankoki suke. Da tef ɗinki na ɗinki za ki yi, ki bar shi a inci, ni zan juya.

Kada ki sa hannu kafin ki ji daga gare ni. Kuma ki gaya wa Auta kin rubuto min, ba na son aikin bayan ido. Waya kuwa kada ki wahalar da kanki. A sansanin nan ba sabis sai mutum ya hau kan tankin ruwa, kuma an hana hawa tun da wani mai walda ya faɗo yana tsakiyar faɗa da surukarsa.

Na gode da kika tuna ina da amfani. Ba baƙar magana ba ce, ko da yake na san ta yi kama.

Ƙaninki,
Dogo

*

Dogo,

Na samu takardarka, na ji daɗin ganin rubutunka. Muna lafiya, ƙafar ma na daina ja. Matar Auta cikinta ya shiga wata na shida, tana ta fama da kasala. Wuyan nan naka ka riƙa gasa shi da tsumma mai ɗumi safe da yamma, kada ka tsaya taurin kai.

Ka ce uku, kuma ka ƙirga daidai. Ba ni da abin kare kaina. Hannun da ya wuni yana yanka yadi, in ya dawo gida cokali ma nauyi yake masa, amma wannan ba hujja ba ce ta shekara shida. Ka yi haƙuri.

Na hau tsanin. Mai Guga ce ta riƙe min, tana karanto duk addu'ar da ta sani, sauran kuwa suka tsayar da kekuna suna dariya, wai uwar ɗaki za ta ɗinka wa rufi riga. Ga awon.

Daga ƙasa zuwa rufi inci ɗari da ashirin. Ɗakin ɗinki yana da bim huɗu, duk sun ratsa faɗinsa, kowanne ya sauko inci sha takwas. Sun raba rufin gida biyar. Shekara tara ina zaune a ɗakin nan ban taɓa lura ba. Hanci ɗaya yana gida na biyu, ɗaya yana na huɗu, kuma na gida na huɗun tsakaninsa da fanka inci ashirin ne. Sito silin ɗinsa shafal ne, ba bim. Kanta layi uku ne, sun yi lungu huɗu, hancin yana lungu na biyu. Daga bandir ɗin ƙarshe zuwa silin inci takwas, a wani wurin ma tafin hannuna bai shiga ba. Matakala ɗaya ce tak, ba hanci, kuma ƙofar sito ita take kallo. Akwai ɗakin guga da na manta ban ambata ba, shi ma babu. Auta ya ce tururi zai riƙa tada ƙararrawa a banza.

Na gaya masa, kamar yadda ka ce. Muna cin abinci ne, sai ya ajiye cokali.

Ya ce, "Yaya, ke kika kawo ni aikin nan, ke kuma kika kai ƙarata."

Na ce ba ƙara ba ce, tambaya ce.

Ya ce, "Tambayar da ba za a yi min ba sai an tsallake ni an je wata duniya?"

Ya shiga ɗaki ya fito da wata takarda a cikin leda, ta tsufa har ta yi laushi a wuraren ninki. Wasiƙarka ce ta shekara huɗu da suka wuce, lokacin yana koyon aiki. Ya ja layi a ƙarƙashin wani wuri da jan biro: na'ura ɗaya tana ɗaukar murabba'in mita ɗari. Ya ce, "Ɗakin ɗinki ɗari biyu, na sa biyu. Sito ɗari, na sa ɗaya. In kuskure ne, to malamina ne ya yi, ki rubuta masa haka." Rubutunka ne, Dogo. Ban ce ka yi laifi ba, ban san aikin ba. Amma ka sani yaron nan a leda yake ajiye takardunka.

Mai gini ya ce jami'i zai zo ranar ashirin ga watan gobe, kuma yana son takarda da sa hannuna kwana uku kafin nan. Da na ce masa ina jiran shawara, sai ya yi murmushi ya ce, "Uwar ɗaki, ƙaninki kika kawo, na karɓa don ke. In kuma aikin gidanku ne bai yi miki ba, sai mu san yadda za mu yi da gidan gaba ɗaya." Ka dai gane.

In na sa hannu, mata ashirin da huɗu suna wuyana. In na ƙi, na tona wa Auta asiri a aikinsa na farko, ga ciki, ga ni da nawa bakunan. Ka amsa da wuri.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Allah ya sauki matar Auta lafiya. Na gasa wuyan, ya ɗan saki, na gode. Ki gaida Mai Guga, ki ce mata addu'arta ta karɓu tunda kin sauko da ƙafafunki.

Da laifina zan fara. Rubutuna ne, kuma rabin magana na rubuta. Abin da ya kamata in ce shi ne, na'ura ɗaya tana ɗaukar kusan murabba'in mita ɗari in rufin shafal ne, ba abin da ya tare hayaƙi. Na bar rabi na biyun don na ɗauka kowa ya sani. Alhali ni ma ba a littafi na fara saninsa ba. Wani tsohon ma'aikaci ne, a satina na farko, ya ga na duƙufa a kan zane, ya kama haɓata ya ɗaga min kai sama. Auta bai samu mai ɗaga masa kai ba, don wanda ya kamata ya yi yana nan yana tsare ɗakunan otal ɗin da ba zai taɓa kwana a ciki ba.

Ban sani ba ko littafin ƙa'idar da jami'inku ke riƙe da shi kalma ɗaya ne da namu. Amma hayaƙin iri ɗaya ne. Ga yadda namu ya ce.

In bim ya sauko fiye da kashi ɗaya cikin goma na tsayin ɗaki, bango ake ɗaukarsa. Ɗaya cikin goma na inci ɗari da ashirin sha biyu ne, naku kuwa sha takwas. Ke ɗaki ɗaya kike gani, hayaƙi ɗaki biyar yake gani. In wuta ta kama a gida na ɗaya, sai hayaƙi ya cika wannan gidan ya malalo ta ƙarƙashin bim kafin hancin gida na biyu ya ji komai. Biyar ake bukata.

Haka kanta. Duk abin da ya matso silin bai bar inci sha biyu ba, shi ma bango ne. Lungu huɗu, na'ura huɗu. Amma nan akwai sauƙi. A sauke layin saman kantocin, a bar wa hayaƙi hanya, sai ɗayar nan ta isa in aka mai da ita tsakiyar ɗakin, don babu kusurwar da za ta wuce mita bakwai da rabi daga gare ta. Ki sa a ja layi da fenti a bango, kowa ya san ba a ɗora bandir sama da shi.

Matakala ita ce ta fi tsaya min a rai. Hanyarku ɗaya ce, kuma ɗakin da ya fi kayan cin wuta shi ke kallonta. Ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Ɗakin guga kuwa Auta ya yi gaskiya, tururi zai dame ku. Amma maganin ba a bar shi haka ba ne, akwai mai jin zafi maimakon hayaƙi, ita ake sa wa irin wurin. Ta kusa da fanka a matsar da ita mita guda, iska na kore mata hayaƙi.

A yadda ginin yake, sha biyu. In an sauke kanta, tara. Na san masu gini, nawa ma haka suke, za su sayi fitila mai kwalliya ta ƙofar shiga ba ciniki, amma na'urar da ba mai gani sai an yi kamar za a cire musu haƙori. In ya ƙi duka, ga jerin da za a bi: saman matakala, ɗakin guga, ƙasan matakala, gidan tsakiya, sannan gidajen gefe biyu.

Maganar sa hannu. Ina nesa, ba ni zan ciyar da yaranki ba in aka sallame ki, don haka ba ni da bakin ce miki ki yi jarumta. Abu ɗaya zan ce: in za ki sa, ki rubuta abin da babu a saman sunanki, da hannunki.

Ki ba Auta ya karanta wannan duka. Ki nuna masa babu abin da ya sa da za a cire a jefar. Ƙari ne, kuma rabin ƙarin bashin magana ne da yake bi na.

Gobe da safe zan ba Direba.

Dogo

*

Dogo,

Ina fata kana lafiya, don ban san abin da zan zata ba. Mu muna nan. Sati biyar ke nan da na aika maka awon. Sau uku ina tare Direba, yana cewa ba a ba shi komai ba.

Na yi ta saƙawa. Na ce ko ciwo ne. Na ce ko maganar wasiƙu ukun nan ce ba ta gama fita daga bakinka ba. Daga baya na ce ko layin nan na jan biro ne ya ɗaure maka hannu, ka ga in ka yi magana kanka za ka fara kamawa. Allah ya yafe min in zato ne. Amma ba haka na san ka ba, kai da tun kana yaro in ka fasa abu kai ke zuwa da gutsattsarin a hannu.

Ranar sha bakwai ta zo ba amsa. Ni ban iya lissafinku ba, amma na iya gwaji. Riga ma ba a ba mai ita sai an gwada. Da azahar na sallami mata suka sauka cin abinci. Na ɗauki kwanon ƙarfe, na zuba ƙyallaye, na kira mai gini da Auta na ce su zo su ga wani abu. Mai Guga ta tsaya da bokiti biyu. Na kai kwanon lungu na huɗu a sito, can ƙurya, na kunna, na kashe harshen wutar na bar shi yana hayaƙi. Na ce wa mai gini ya duba agogonsa, don nawa za a ce na yi son kai.

Minti uku, shiru. Mai gini ya ce, "Ai hayaƙin bai kai ya kawo ba." Minti bakwai, saman lungun ya cika, ba ka ganin bandir ɗin sama. Minti goma, ya fara fita ta saman ƙofa yana kwanciya a kan matakala. Mai Guga tana tari tana cewa, "Wannan hancin naku mura yake yi." Ba wanda ya yi dariya. Sai a minti na sha uku ƙararrawa ta tashi.

Mai gini ya goge ido ya ce, "To ai ga shi ta yi ƙara."

Na ce, "Ta yi, ranka ya daɗe. Yanzu ka nuna min ta inda mata ashirin da huɗu za su sauka."

Ya kalli matakalar. Sai ya zaro takardar daga aljihu ya miƙo min da biro, a wurin, muna cikin hayaƙin. Na ce ba zan iya ba. Ya ce in je gida in huta in yi tunani, kada in dawo sai da sa hannu. Ya karɓi makullin sito. Na ji ya roƙi jami'i ya ɗaga zuwansa da sati biyu, kuma yana neman wani mai aikin da zai duba na Auta.

Auta ne ya ɗauki kwanon da tsumma ya fita da shi. Yau kwana huɗu bai shigo ɓangarena ba, matarsa in mun haɗu a bakin famfo sai ta sunkuyar da kai. A gaban mai gini na yi masa haka, Dogo. Da na sani da na gwada mu biyu tukuna. Wannan kam laifina ne.

Kwana goma suka rage kafin sabuwar ranar sa hannu. Ina zaune a gida ina ɗinke wa yara tsofaffin kaya don kada hannu ya yi sanyi. In kana da rai da lafiya, ko layi biyu ne ka rubuto.

Yayarka

*

Yaya Dogo,

Ina gaishe ka, ya aiki, ya wuya. Muna lafiya, mai ɗakina tana gaishe ka.

An ga takardarka. Ranar da Yaya ta kai wa Direba tata ta ƙarshe, bayan ta tafi ya ɗaga kujera zai ajiye, sai ga taka a ƙasa tare da rasit ɗin taya, man mota ya ɗan taɓa gefenta. Ya kawo da kansa yana ta rantsuwa. Yaya ta karanta a tsaye, ta ƙwanƙwasa min ƙofa ta miƙo min.

Gaskiya na yi niyyar in ƙi karantawa. Na ɗauka wankin babban bargo ne a ciki. Sai na ga da kanka ka fara. Na karanta sau uku. Washegari na ɗauki tsani na je na tsaya a gida na ɗaya na ɗaga kai. Sati biyu na yi ina aiki a rufin nan, har kewaya bim ɗin na yi da waya ina tsaki yana ɓata min lokaci, ban taɓa tambayar kaina abin da zai yi wa hayaƙi ba. Rabin magana ka ba ni, amma ido biyu nake da su.

Na je wurin mai gini da takardarka. Na ce masa aikina bai cika ba, ni na gano ko ba ni ba, bai cika ba. Ya ce, "Ku gidanku kowa malami ne." Na ce in ya kawo wani mai aikin, tara ɗin nan zai gaya masa ko sha biyu, in kuwa ya ce uku sun isa to ya tuna agogonsa. Na ce aikin hannu duka a kaina, shi na'urorin kawai zai kawo. Muka yi ta ja. Shida na nema, ya tsaya a huɗu, ya ce ko ɗaya ba zai ƙara ba. Na bi jerinka: saman matakala, ɗakin guga, ƙasan matakala, gidan tsakiya. Na sauke layin saman kanta, na mai da ta sito tsakiya, na matsar da ta fanka. Layin fenti Mai Guga ce ta ja, ya karkace, amma ana gani.

Jami'i ya zo ranar Laraba. Dattijo ne, bai ko buɗe zanen ba, yana shigowa ya ɗaga kai. Ya ce, "Wa ya ƙirga muku bim?" Na ce yayana. Ya ce, "To ya ƙirga gida biyar, ni hanci uku nake gani." Mai gini ya fara bayani, ya ɗaga masa hannu. Ya rubuta wata uku, a cika gida na ɗaya da na biyar, in ba haka ba zai dawo da kwaɗo.

Na gode, Yaya Dogo. Ina da wani aikin a wani ɗakin ajiyar magani wata mai zuwa. Zan aiko maka da awon rufin kafin in huda komai, in ba za ka gaji ba.

Auta

Dogo, ni ce, Auta ya bar min ƙasan takardar. Ka yafe min zaton da na yi. Na koma aiki, an dawo min da makulli. Na sa hannu, kuma na rubuta a saman sunana cewa gida na ɗaya da na biyar ba hanci. Mai gini ya ce na ɓata masa takarda, jami'i ya ce a bar ta haka. Mata tara ne a gidajen biyu. Na matsa kekuna huɗu zuwa tsakiya, sauran ba wuri. Allah ya saka maka da alheri, ya dawo mana da kai.

*

Yaya, Auta,

Takarda ɗaya zan yi muku, ku raba. Ina gaishe ku, ina gaida mai ciki da yara. Lafiyata ƙalau. Takardunku biyu rana ɗaya suka iso, don Direba bai taso ba sai bayan zuwan jami'i, kuma Allah ya taimake ni ta Auta na fara buɗewa. Da taki na fara, Yaya, da na hau tankin ruwan nan ko za a kore ni.

Direba ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakina yana murza hula. Na shirya masa magana tun daga nesa, da na ga idonsa ja wur, kwana biyu yana kan hanya, sai na ce ya zauna ya sha ruwa. Amma daga yau a gabana zai sa takarda a aljihun riga.

Yaya, zaton da kika yi bai yi min daɗi ba, ba zan ɓoye ba. Na kwana biyu da shi. Sai dai mutumin da ya yi shiru sati biyar a daidai lokacin da aka nuna masa kuskurensa, ni ma haka zan zata masa. Ya wuce.

Abin da bai wuce ba shi ne kwanon nan. Wuta kika kunna a sito cike da yadi, a bene mai matakala ɗaya. Bokiti biyu da Mai Guga ba su isa su tsare ki ba in tartsatsi ɗaya ya tashi. Akwai gwangwanin hayaƙi da ake gwaji da shi, Auta ya sani. Kada ki sake, ina roƙonki.

Na gama faɗa, ga gaskiyar. Sau biyu a shekarun nan aka miƙo min irin takardar nan a ginin da na san bai cika ba. Na yi gardama, na nuna littafi, aka tuna min akwai masu jiran gurbina a bakin ƙofa. Duka biyun na sa hannu, ban rubuta komai a saman sunana ba. Shawarar da na ba ki, ni ban taɓa bin ta ba. Ke da ba ki san ko layi ɗaya na littafin ba, kuma takardata tana ƙarƙashin kujerar mota, kika tsaya cikin hayaƙi kika ce ba za ki iya ba. Satin nan an kawo min takardar hawa na shida, akwai wani lungu bayan ɗakin wanki da aka manta. Na rubuta a saman sunana. Shugaban aiki ya kalle ni kamar na zage shi, har yau bai amsa gaisuwata ba, amma ina nan. Na gode miki.

Auta, zuwa wurin mai gini ka ce aikinka bai cika ba ya fi duk wayar da ka ja wuya. Na san manya a aikin nan da ba su taɓa iya faɗar haka ba. Ka aiko awon, ba zan gaji ba. Ka haɗa da tsayin kantoci da inda iska ke shigowa. Tsohuwar takardar nan ta leda kuwa, ka ɗauko ta ka cika mata rabin da na bari, da jan biron naka. Kuma ka rubuta ranar da wata ukun za su cika ka manna a ƙofar ofishin mai gini, don irinsu mantuwa ba ta musu wuya.

Zuwa gida ban sa rana ba. Kwangilar nan sai an gama hawa na tara, kuma na daina yin alkawarin da ba a hannuna yake ba. In an haihu ku rubuto min a satin, ba bayan yaro ya fara tafiya ba.

Naku,
Dogo

Na zauna na ƙirga abin da na iya cetowa daga nan, da biro da tef ɗin ɗinki. Sito, ɗaya. Matakala, biyu. Ɗakin guga, ɗaya. Ɗakin ɗinki, uku cikin biyar. Bakwai ke nan cikin tara. Saura biyu, da mata biyar a ƙarƙashinsu.